Gyaran Kwamfutar Da Ya Raba Ni Da Fuskar Mijina

A shekarun da abin nan ya same ni, ni yarinya ce sabuwar aure, ban daɗe da barin sakandare ba, kuma ina jin kaina ƙwarai domin ina cikin mata ƙalilan da suka iya taɓa kwamfuta a yankinmu. 'Yar Damari ce ni ta ƙasar Sabuwa, aure ya kai ni Ƙanƙara. Ina roƙon masu shirya wannan mujalla su bar ni ban faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, saboda wasu daga cikin waɗanda zancen ya shafa suna nan da ransu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya nufe ni da sharri. Lokacin ne man fetur ya yi daraja a kasuwar duniya, kuɗin gwamnati suna gangarowa har ƙananan hukumomi. Duk inda ka juya sabon babur ne da sabon rufin kwano. Bukukuwa suka yawaita, wanda a da zai ɗaura wa ɗiyarshi aure shiru-shiru yanzu sai ya kira mai hoto. Wayar hannu ta shigo, amma irin wadda kira kawai ake yi da ita, ba ta ɗaukar hoto.

Mijina mai hoto ne. Mutumin Ruwan Godiya ne ta ƙasar Faskari, ɗan manoma, shi kaɗai ne a gidansu ya ajiye fartanya ya kama wata sana'a. Da kyamarar fim ya fara, yana kai wankin hoto Funtuwa, har Allah Ya buɗa mashi ya sayi kyamara irin ta zamani mai kati, da kwamfuta, da injin fitar da hoto, da ɗan janareto, ya kama shago kusa da tasha. Gab da bikinmu ya yi wannan sayayya. Da ya ga ina da kai a karatu sai ya ce ba zai bar ni gida ina kallon bango ba, ya riƙa tafiya da ni shagon. Mutane sun yi surutu, ya toshe kunne. Shi ne fita ƙauyuka a kan babur, daga Yargoje har cikin Sabuwa, ni ce zama gaban kwamfuta ina zuba hotuna, ina ware na kowane gida, ina gyara haske, ina buga katin gayyata. Idan ya dawo da la'asar, ƙafafunshi duk jar ƙasa, zai tsaya bayana yana nuna mani wadda ta rufe ido da wanda hularshi ta karkace, mu yi ta dariya. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar na wannan ɗan lokaci ba.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, mutumin da ya ɗauki fuskokin jama'ar duk yankin nan ba shi da hoton kanshi ko ɗaya a takarda. Kullum shi ne a bayan kyamara. Mahaifinshi bai yarda da hoto ba har ya rasu, don haka babu na yarinta. Hotunan bikinmu wani abokinshi ne ya ɗauka da sabuwar kyamarar, aka zuba su cikin kwamfuta a wuri guda da muka sa wa suna Namu. A nan muke tara duk abin da ya shafe mu: ranar Sallah da ya sa babbar riga karon farko, ranar da muka je gaishe da iyayena, da wani ɗan gajeren bidiyo da na ɗauke shi a ɓoye yana gyaran janareto yana waƙa da muryarshi marar daɗi, har ya ɗago ya gan ni ya yi kamar zai jefe ni da sufana. Kullum muna cewa za mu wanke su mu yi albam. Amma takardar hoto daga Funtuwa ake kawo ta, kuma da ta zo sai aikin mutane ya cinye ta. Namu ai suna nan, babu inda za su je, haka muke faɗi.

Da shekara ta zagayo kwamfutar ta fara ciwo. Ma'aikata da malaman makaranta suna kawo filashi, ɗan abin nan na ajiye aiki da ake soka wa kwamfuta, a fitar masu da takardu, a nan ta kwashi cutar nan da ake ce wa bairos. Sai ta riƙa nauyi, tana kashe kanta ana tsakiyar aiki, wasu abubuwan ka danna su ƙi buɗewa. Mijina ya ce da ya samu sarari zai sayo faya-fayai ya kwashe komai a kai, sannan ya kai ta wurin mutumin da ya sayar mashi da ita a Funtuwa. Har ya yi mani bayani cewa ranar da mutumin ya haɗa mashi ita, ya ɗauki kwafinta gaba ɗaya ya ajiye, domin duk ranar da ta rikice a iya mayar da ita yadda take. Sama-sama na ji maganar, ina fama da laulayin ciki, ban tambayi abin da hakan ke nufi ba.

Bai samu sararin ba. Tsakiyar damina aka kira shi biki a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa. A hanyar dawowa ya tarar rafin da ya tsallake da safe ya kawo, domin an tafka ruwa a can sama, ko da yake inda suke ko ɗigo bai sauka ba. Waɗanda ke bakin rafin sun ce sun ba shi shawara ya jira, ya ce ya baro mace mai ciki ita kaɗai, ya turo babur ya shiga. Washegari aka same shi can ƙasa, cikin saiwoyin wata bishiya. Jakar kyamara da walat ɗinshi mai katin shaida ba a gan su ba har yau. A Ruwan Godiya aka yi mashi sutura, kuma saboda halin da nake ciki da halin da ruwa ya bar shi, manya suka hana ni ganin fuskarshi. A kan likkafani na yi mashi addu'a.

A gidansu na yi takaba, a ɗakin mahaifiyarshi, wadda nake kira Inna. Mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu, ni kuma cikin bai yi nisa ba, don haka zaman ya yi tsawo. Inna tsohuwa ce mai ƙarancin magana, idanunta sun fara yana. Ba ta kuka a gabana. Wata rana da hantsi muna gyaran wake sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko gaskiya ne yaron nan yana da hoto a cikin injin nan nashi. Na ce mata akwai da yawa, har da wanda yake motsi yana magana. Can ta ce ita ba ta taɓa neman hoto ba a rayuwarta, amma in ba laifi ba ne tana son guda ɗaya babba, wanda idonta zai iya kamawa, kafin ganin ya ƙare. Na yi mata alkawari cewa ranar da na fita, shi ne aikin farko da hannuna zai yi. Wannan alkawari ne ya riƙe ni a watannin nan. Duk lokacin da zuciyata ta ƙuntata sai in tuna cewa yana can Ƙanƙara cikin shago a kulle, yana gyaran janareto yana waƙa, kuma zan je in same shi.

Yayan mijina, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, manomi ne kuma mai awon hatsi, mutum mai tsoron Allah, shi ya ɗauki nauyina tun ranar rasuwar. Damuwarshi ita ce kada shagon ya mutu in rasa abin da zan riƙe maraya da shi. Ya samo wani abokin sana'ar marigayi mai kyamarar kanshi da zai zauna kafin in fito, amma da suka kunna kwamfutar sai ta ƙi tashi sam, rubutu kawai take nunawa a kan baƙin allo ta sake mutuwa. Yaya ya ɗaure ta a bayan babur ya kai Funtuwa wurin mutumin da ya sayar wa marigayi da ita. Da ya dawo ya tsaya bakin ƙofar ɗakin Inna, ina daga ciki bayan asabari, ya yi sallama ya tambayi jikina. Sannan ya ce mai gyara ya duba, ya ce abu ne mai sauƙi, zai mayar da ita yadda take lokacin da take lafiya lau, amma ya ce a tambayi masu ita tukuna.

Na ce, "Yaya, yadda take da can, kafin ta lalace?"

Ya ce, "Haka ya ce mani. Yadda take da can."

Na ce, "To, a mayar."

Iyakar maganar ke nan. Ni a zuciyata, da can yana nufin lokacin da mijina ke raye muna zaune gabanta tare. Har daɗi na ji. Ban ce a jira ni ba, ban ce akwai abin da za a fara cirewa ba, ban aika wa mai gyaran da ko tambaya ɗaya ba, alhali duk gidan ni ce wadda ta san kwamfuta.

Sanyi yana shirin fita na haifi ɗa namiji, aka mayar mashi da sunan ubanshi. Daga nan iyayena suka ɗauke ni zuwa Damari wankan jego, na ƙara wasu watanni. Duk wannan lokaci shago yana ta aiki. Ana ɗaukar ma'aikata, ana rajistar wannan da wancan, kowa na neman hoton fasfo, kuma Yaya yana zuwa da murna yana gaya mani cewa injin ya koma kamar sabo. Ni ma ina murna. Ban san cewa kowane hoto da ake zubawa a cikinta a watannin nan a kan namu yake hawa yana binne shi ba.

Ranar da na koma Ƙanƙara, da goyo a bayana, ban ko shiga gida ba na wuce shago. Na riga na sa Yaya ya sayo mani babbar takardar hoto saboda Inna. Mutumin da ke riƙon shagon ya tashi ya ba ni kujera. Tun da allon ya haska na ga hoton gonar dawa da mijina ya sa a fuskar kwamfutar ba ya nan, sai wani koren tudu da ta zo da shi daga kanti. Na nemi Namu inda na saba ganinshi, babu. Na rubuta sunan na sa ta nema, ta ce babu. Na buɗe kowane lungu da na sani, na sake buɗewa, na kashe ta na kunna. Hotunan fasfo ne kawai na baƙin fuskoki jere-jere, babu ko ɗaya daga aikin da muka yi da hannunmu, ba namu ba, ba na mutane ba. Na tambayi mutumin ina aka kai tsofaffin hotuna, ya ce shi haka ya same ta wayam, ya ɗauka an kwashe ne tun kafin rasuwar. Jaririn ya fara kuka a bayana, ni kuwa na kasa ko kwance goyon. Sai da matar mai shagon kusa da mu ta shigo ta karɓe shi sannan na san ina raye.

Washegari Yaya ya raka ni Funtuwa. Mai gyaran mutum ne mai natsuwa, bai ɓoye mani komai ba. Ya ce kwafin da ke hannunshi na ranar da ya haɗa ta ne, kafin a zuba mata hoto ko ɗaya, kuma idan aka mayar da kwamfuta kan irin wannan kwafi, duk abin da ya shigo bayan ranar shafewa yake yi. Ya ce dalilin da ya sa ke nan ya ce a tambayo. Ya ma tambayi Yaya ko akwai wani abu mai muhimmanci a ciki, Yaya ya amsa mashi cewa hotuna ai sun tafi da kyamara a ruwa, kuma matar ta ce a mayar. A iya sanin Yaya, hoto a cikin kyamara yake zama, kwamfuta kuwa injin wankewa ce kawai. Sai na tambayi mai gyaran ko da akwai yadda za a yi a tsira da su a wancan lokacin. Ya sunkuyar da kai ya ce da an gaya mashi, da ya ciro rumbun da ke cikinta, wato ƙarfen da komai ke kwance a kai, ya jona a wata kwamfutar ya kwashe su tsaf kafin ya taɓa komai, aikin da bai fi tsakanin azahar da la'asar ba. Wannan magana ta fi komai yi mani ciwo. Na juya in dubi Yaya, sai na ga babban mutum mai iyali ya cire hula yana share fuska da ita, yana cewa shi ne ya sake binne ƙanenshi da hannunshi. Wa zan yi wa fushi? Mai gyara ya tambaya. Yaya ya tambaya. Ni aka tambaya, ni kuma na amsa.

Mai gyaran ya ce akwai masu tono abin da aka goge, amma kada in sa rai sosai tunda an daɗe ana aiki a kai. Ya ciro mani rumbun, na naɗe shi cikin zane na tura ƙasan jaka. Na je Zariya, aka ce sai Kano. Yaya ya bar gonarshi lokacin shara ya bi ni, bai taɓa nuna gajiya ba. A Kano muka hau wani bene cike da shagunan masu gyara, wannan ya tura mu wurin wancan, har muka dace da wanda ya karɓa ya ce mu dawo bayan 'yan kwanaki. Da muka koma ya zaunar da ni gaban allo ya ce in duba da kaina ko akwai nawa. Abin da ya tono tarkace ne. Amaren mutane rabi-rabi, wani tsoho da aka yanke daga ƙirji, hotuna masu ratsin kore da ja kamar an watsa masu fenti, da yawa kuma toka ce zalla. Bidiyon kuwa ya ce kada ma in tambaya. Na yi ta wucewa ina wucewa har idanuna suka fara ruwa, sai na ga bangon ɗakinmu. Hoton ranar Sallah ne. Ga bangon, ga hular da na saya mashi, ga goshinshi, ga saman girarshi. Daga nan zuwa ƙasa toka ce shafe. Na roƙi mutumin ya ƙara gwadawa, ko idanun kaɗai su fito. Ya ce, "Hajiya, wurin da sauran yake an rubuta wani abu a kai. Ba ɓoye yake ba, babu shi ne." Na ce ya wanke mani shi haka nan.

Abin da ya rage shi ne Inna. Tun da na fita takaba ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya, amma duk zuwan da na yi sai na ga tana kallon hannuna. Yaya ya ce zai gaya mata, na ce ni na yi alkawari, ni zan je. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na yi mata bayani yadda zan iya. Ban sani ba ko ta gane zancen kwafi da rumbu, amma ta gane ƙarshen. Na miƙa mata rabin hoton. Ta kai shi dab da idonta, ta juya wajen haske, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa tana shafa wurin da tokar ta fara, kamar mai son ɗaga mayafi. Ta ce wannan goshin na ubanshi ne. Sai ta mayar mani, ta ce in ajiye wa yaro, ita ta gan shi shekara da shekaru, yaron ne bai gan shi ba. Ta ƙara da cewa kada in kuskura in ɗora wa kaina ko in ɗora wa Yaya, abin da Allah Ya rubuta ba za ta gani ba, ba za ta gani ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ba a daɗe ba ganinta ya tafi gaba ɗaya, daga baya ita ma ta bi ɗanta.

Ban haƙura nan da nan ba. Na bi abokanshi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ai shi ke ɗaukarsu. Na je firamaren da ya yi, aka ce ba a ɗaukar hoto a zamaninsu. Na bi gidajen da na tuna ya yi masu aiki, a Yargoje da Faskari da ƙauyukanmu na Sabuwa, ina roƙon matan gida su fito mani da albam, ko Allah Zai sa wani ya taɓa karɓar kyamarar ya ɗauke shi cikin taro. Sun yi mani kirki, wasu har da hawaye. A wani gida, cikin wani hoto, na ga inuwarshi a ƙasa, ta miƙe gaban ango da abokanshi, hannuwa a ɗage. A yawon nan ne kuma na gane ba ni kaɗai ce na yi asara ba. Akwai gidajen da bai kai ga wanke masu hotuna ba kafin ya rasu, ciki har da wata mata da jaririnta ya koma jim kaɗan bayan suna. Ta riƙa zuwa shago tana tambaya ko na gano nata. Ba ni da abin ba ta sai haƙuri, irin wanda ni ma ake ba ni kullum, na kuma san bai tsinana mani komai ba.

Yaron ya girma yanzu, ya fi ni tsawo. Tun yana ƙarami yake tambayata kamannin babanshi, in ɗauko mashi rabin hoton, in cika sauran da baki. Akwai ranar da ya dawo daga makaranta ya ɗauki fensir zai zana ido da hanci a kan tokar, na ƙwace da tsawa, abin da har yau nake nadama. Abin da ban taɓa gaya mashi ba, sai ku da nake rubuta wa yau, shi ne ni ma fuskar tana guje mani. A shekarun farko ina rufe ido in gan shi sarai. Yanzu sai in tuna dariyarshi amma in kasa haɗa bakin da ke yin ta. Idan dangi suka ce yaron ya ɗauko shi sak, nakan ce haka ne, alhali a zuciyata ban tabbata ba ko mijina nake tunawa ko kuwa fuskar ɗana ce ta maye gurbin tashi. Na sake aure, Allah Ya ba ni miji mai haƙuri da wasu 'ya'ya, ban rasa komai ba na zaman duniya. Amma wannan wuri ɗaya babu wanda ya iya cike mani shi.

Na riƙe shagon shekaru bayan haka, na ƙara sanin kwamfuta, kuma na gane cewa mayar da ita baya ba mugun abu ba ne, sau da yawa ma shi ne magani mafi sauƙi idan ta rikice. Sai dai akwai mayarwar da ke gyara tsarinta kawai ta bar maka kayanka, akwai kuma wadda ke share komai, kuma da kalma ɗaya ake faɗinsu duka. Don haka ina jan kunnen duk mai karanta wannan, musamman mata 'yan'uwana da ake yawan tambayarmu abu ta bakin wani. Idan aka ce za a mayar da kwamfuta ko waya yadda take, ku tambaya yadda take a wace rana, ku tambaya me zai tafi, kuma kada ku amsa sai an kwashe abin da ke ciki an ajiye a wani wuri dabam kun gani da idonku. In kuna cikin makoki ko rashin lafiya ku ce a jira, domin injin da aka kashe aka kulle ba ya cinye abin da ke cikinshi. In kuma ɓarnar ta riga ta faru, a kashe shi nan take, kada a ƙara zuba komai, domin watannin da aka yi ana aiki da tawa su suka ƙarasa abin da gyaran ya bari. Ku kuma masu gyara, don Allah kada ku tsaya kan amsar ɗan aike, ku nemi mai kayan ku yi mashi bayani da Hausar da zai gane. Wanda kuke ƙauna kuwa, ku fitar da hotonshi a takarda tun yana tare da ku.

Ina da roƙo ɗaya kafin in ajiye alƙalami. Idan an yi maku biki ko suna a ƙasar Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a shekarun nan, kuma wani ya ɗauki hoto ko bidiyo ban da mai hoton da kuka kira, ku daure ku duba gefen taron. Dogo ne siriri, baƙi, yana da wushirya da ɗan tabo a haɓa, kafaɗarshi ta hagu takan ɗan karkata saboda nauyin jaka. Ko daga nesa ne, ko bai fito sosai ba, ku aiko wa mujallar nan, za su san yadda za su same ni. Ɗana ya zama saurayi, har an fara yi mashi zancen aure, kuma ina so ya ga idon ubanshi ko sau ɗaya ne.